A Jira Bazara Kafin a Biya Cikon Kuɗi

Ɗan kwangila yakan ce aiki ya ƙare da zarar ya kunna na'urorin sanyaya gini, iska ta fito. Bai kamata mai gini ya amince ba, domin ba a tabbatar da aikinsu ba tukuna.

Tabbatarwa ita ce injiniya ya bi ɗaki-ɗaki, ya auna iskar da kowace kafa ke fitarwa, ya daidaita ta da abin da zane ya tanada, don kada na kusa da inji su yi ta rawar ɗari alhali na ƙarshen bututu suna gumi. Ya duba matatar iska, ya ga ko ruwan da na'ura ke tatsa yana zurarewa waje ko taruwa yake cikin silin.

A Yamai kuwa, gwajin Janairu yaudara ce, domin hunturu ya riga ya yi wa na'ura rabin aiki. Sai Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ake sanin ƙarfinta. Saboda haka ya dace yarjejeniya ta riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har a sake gwaji da bazara, gini cike da mutane.