Takardar haihuwa da gasar besbol

Yara, besbol wasa ne na ƙwallo da kulki. Tun 1947, ana yin babbar gasarsa ta yara a garin Wiliyamsfot na Amurka. Amma ba a zuwa can sai an ci gasar yanki.

A 2011, yaran Kampala na ƙasar Uganda suka ci gasar yankinsu. Sai murna ta koma ciki: aka hana su bizar shiga Amurka, don shekarun da ke cikin takardunsu ba su daidaita ba. Yaran Saudiyya, da suka zo na biyu, su suka tafi. A 2012, yaran garin Lugazi na Uganda suka ci, kuma suka je. Su ne ƙungiyar Afirka ta farko a gasar.

A ganina, wannan darasi ya shafe mu a unguwar Kilomita Biyar ta Bangi. Gwaninta ba ta isa in babu takardar haihuwa ta gaskiya. Da ita ake jarrabawa, da ita ake samun fasfo. Kowa ya tambayi iyayensa yau: ina tawa? In babu, a je ofishin magajin gari. Iyaye kuma, kada ku rage wa yaro shekaru, kada ku ƙara masa.