Ɗora Manhajar R a Kwamfutocin Makaranta da na Ɗalibai: Fa'idodi da Illoli

Duk ɗalibin da ya kai matakin tace alƙaluman bincikensa yana buƙatar manhajar ƙididdiga. SPSS, wadda kamfanin IBM ya saya a 2009, sai an biya kuɗin lasisi. R kuwa, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland, kyauta ce, kuma sigarta ta 1.0 ta fito a shekarar 2000. Shi ya sa sassa da dama ke ɗora ta a ɗakin kwamfuta, su kuma umurci ɗalibai su sa a kwamfutocinsu.

Fa'idodi

Ta farko, ɗalibi ya huta da kwafin sata, wanda sau da yawa ke shigowa da bairos. R tana aiki a Windows da macOS da Linux, kuma da zarar an ɗora ta, lissafi ba ya buƙatar intanet. Mai kwamfutar kansa zai yi aiki cikin dare bayan an rufe ɗakin kwamfuta, wanda ba shi da ita kuma yana da ta makaranta. Rumbun CRAN na ɗauke da dubban ƙarin kayan aiki kyauta. Babbar fa'idar ita ce a rubuce ake ba ta umarni, don haka malami zai iya maimaita lissafin ya ga ko sakamakon gaskiya ne.

Illoli

Kwamfutocin makaranta galibi a kulle suke, sai jami'in da ke riƙe da kalmar sirri ke iya sabunta manhaja. Wasu ma suna goge duk abin da aka ajiye da zarar an kashe su. Idan sigar makaranta ta bambanta da ta ɗalibi, umarnin da ya yi aiki da safe na iya ƙin aiki da daddare. Sabon shiga kan sauke RStudio, manhajar da ke sauƙaƙa aiki da R, ita kaɗai, bai san cewa sai da R take tashi ba. Manyan bayanai na sa ƙaramar kwamfuta nauyi, saukewa kuma na cin data. Mafi haɗari, idan aka sace kwamfutar da ke ɗauke da bayanan marasa lafiya, sirrinsu ya fita.

Mafi yawan illolin nan daga rashin tsari suke. Sashe ya tsayar da siga ɗaya a kowane zangon karatu, ya raba ta a filash tare da kayan aikin da darasi ke buƙata, ya kuma hana fitar da bayanan mutane sai an cire sunayensu.