Amanar Da Ke Cikin Tukunya



'Yan uwa, zancena na yau a kan wani ɗan tsiro ne da ke kusa da tagar ɗakina, wanda masu sayar da fulawa a bakin titi ke kira "fen", masana kuma suke ce masa Nephrolepis exaltata. Ganyayensa dogaye ne masu zubowa ƙasa, kowanne kamar gashin tsuntsu. Asalinsa yankuna masu ɗumi da laima ne na nahiyar Amurka. Irin da aka fi ajiyewa a gidaje kuwa an gano shi ne a shekarar 1894 cikin wasu tsirrai da aka aika birnin Boston, shi ya sa sunan birnin ya bi shi. Wanda ya taɓa zuwa kudancin Nijeriya ya ga danginsa suna fitowa da kansu a jikin bishiyar kwakwar manja, ba mai shuka su, ba mai ba su ruwa.

A nan Kano abin ba haka yake ba. Na sayi nawa da damina yana kore shar, kafin hunturu ya ƙare saura kaɗan in kashe shi, kuma duk da kyakkyawar niyya. Da farko na ajiye shi inda rana ke dukansa, don na ɗauka kowane tsiro rana yake so, sai gefen ganyen ya ƙone. Da iskar hunturu ta fara busar da shi, sai na riƙa kwarara masa ruwa safe da yamma, har ganyen ya koma rawaya, saiwar ta fara ruɓewa. Ashe ƙasar ba ta rasa ruwa ba, iskar ɗakin ce ta bushe. Daga baya na ga wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a jere a bayan ganyen, na zaci ƙwari ne, na sa almakashi na yanke. Alhali fen ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ƙurar da ke cikin waɗannan ɗigon ita ce hanyar yaɗuwarsa. Lafiyarsa na yanke ina ganin magani nake yi.

Abin da yake so ba shi da yawa. Haske yake so wanda ba dukan rana ba. Tukunyarsa ta kasance da huji a ƙasa, kuma kafin ka zuba ruwa ka taɓa ƙasar da yatsa, idan saman ya fara bushewa ka ba shi, idan da danshi ka ƙyale shi. Da hunturu ka ɗora tukunyar a kan faranti mai tsakuwa da ruwa, ba tare da gindinta ya nutse ba, ka nisanta shi daga iskar fanka, ka riƙa wanke masa ƙura. Taki kaɗan sau ɗaya a wata da damina ya ishe shi. Idan ya cika tukunya sai ka raba shi biyu, ka ba maƙwabci rabi.

Wani abokina ya ce mini wannan aikin banza ne, tsiron da ba a cin 'ya'yansa, ba a shan inuwarsa, gara in dasa darbejiya ko mangwaro. Yana da gaskiya ta wani ɓangare, kuma wanda yake da fili ya dasa. Amma ɗalibi ko matashin da ke ɗakin haya tukunya kaɗai yake da ita. Ya kuma yi maganar ɓarnar ruwa. Ni dai ruwan alwalata nake tarewa a ɗan kwano in ba shi, kuma yana isa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wancan fen na jikin kwakwa ruwan sama ke shayar da shi. Wannan kuwa ni na sa shi a tukunya, na shigo da shi ƙarƙashin rufi, inda ruwan sama ba ya kai masa, saiwarsa ba ta da inda za ta miƙa ta nema. Na tuna hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ban ce hukuncin tsiro da na dabba ɗaya ba ne, wannan fagen malamai ne. Amma a fahimtata, duk abin da ka tsare a hannunka ka toshe masa hanyar nema, ɗawainiyarsa ta hau wuyanka.

Kuma ɗaukar ɗawainiya na buƙatar sanin abin da ake wa ɗawainiyar. Sau nawa muke yi wa ƙannenmu da iyalanmu irin abin da na yi wa fen ɗina, mu ba su abin da ya fi mana sauƙin bayarwa, ba mu tsaya mun duba abin da suka rasa ba? Don haka ɗan uwa, idan za ka sayi tsiro, ka fara tambayar yadda yake rayuwa kafin ka tambayi kuɗinsa. Nawa dai ya farfaɗo, Alhamdu lillahi, har ya fitar da sabon toho a murɗe kamar kan ƙugiya.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalam.