Akokan: Garin da kamfani ya gina, ya tafi ya bari

Waɗanda suka tashi a Akokan, kusa da Arlit a arewacin Nijar, ba yuraniyom suke fara tunawa ba. Gidajen ma'aikata suke tunawa, da ruwa da wuta da asibitin da kamfanin Cominak ya ɗauki nauyi a tsakiyar hamada. Sai dai gatan na 'ya'yan ma'aikata ne. Yaran unguwannin gefe ƙura suka sha.

Cominak ya rufe a Maris 2021 bayan shekara 43 yana haƙa, ya bar tulin ɓaraguzai masu guba. A 2025 gwamnatin soja ta karɓe mahaƙar Somair daga hannun Orano na Faransa. Mutanen Arlit da wancan zamanin za su auna ta, tun daga kan famfo da asibiti.