Zauren Shawara: Angon Gobe Da Aikin Intanet

Wasiƙu biyu na zaɓo a wannan wata, duk daga yammacin Zamfara, kuma da na dube su da kyau sai na ga ashe ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Ta farko daga wata ƙanwata ce a Gummi. Ta ce an sa musu rana da masoyinta, amma Baba ya kafe sai yaro ya sami abin yi. Yaron ya gama difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, shekara biyu ke nan yana zaune. Kwatsam sai aka turo masa wani shafi ta WhatsApp wai ana ɗaukar ma'aikata, ya cike, washegari aka ce ya yi nasara, sai dai ya biya kuɗin "tantancewa" kafin a ba shi takarda. Ita kuma, don so, har ta fara tunanin sayar da tumakinta biyu ta ba shi. Tana tambaya, "Anti, in sayar?"

Ƙanwata, kar ki sayar. Ko jelar tunkiya kar ki taɓa. Aikin gaskiya shi ke biyan mutum, ba mutum ke biyan sa ba. Kuma ina kika taɓa jin an ɗauki mutum aiki a kwana ɗaya, ba jarrabawa, ba ganawa, ba wanda ya ko ga fuskarsa? In kin ga rami yana kiran ki da fara'a, to ki ja da baya.

Ba wai na ce duk neman aiki ta intanet ƙarya ba ne, a'a. Akwai shafuka sanannu irin su Jobberman, wanda wasu ɗalibai uku na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka kafa a 2009, akwai MyJobMag, akwai LinkedIn. Shirin N-Power ma da aka fara a 2016 ta intanet aka cike shi, kuma 'ya'yan talakawa da dama sun samu. Amma waɗannan shafuka allo ne kawai na liƙa talla, kamar jikin bangon sakatariya. Mai gaskiya na liƙawa, macuci ma yana iya laɓaɓowa ya liƙa. Don haka in angon naki ya ga talla, ya je shafin ita ma'aikatar da kanta ya duba ko maganar tana can.

Ga ma'auni mai sauƙi. Shafin hukumar gwamnatin Nijeriya yana ƙarewa ne da .gov.ng, na sojoji da .mil.ng, na jami'o'i da manyan makarantu da .edu.ng. In aka ce masa aikin kwastan ne ko na shige da fice amma adireshin ya ƙare da wani abu daban, ko an cusa wani harafi a tsakiya, to ya rufe. Kar ya ba kowa lambar sirrin katinsa na banki, ko lambar nan da banki ke turowa ta waya. Ke ma 'yar uwa, in aka ce ki turo hotunanki masu kyau kafin a ɗauke ki, ko ki zo ganawa a ɗakin otal, wallahi ba aiki ake nufi ba.

Mu da muka ga 15 ga Maris 2014 ba za mu manta ba. Dubban ɗaruruwan matasa suka biya Naira 1,000 kowanne don neman aikin shige da fice, aka tara su a filayen wasa, turmutsutsu ya ci rayuka fiye da goma sha biyar. Yunwar aiki ba ƙaramar aba ba ce, kuma da ita macuta ke kama 'ya'yan mutane. Ki gaya wa Baba gaskiya, a ɗaga rana in ta kama. Ɗaga biki ya fi a shiga ɗaki da bashi da baƙin ciki.

Wasiƙa ta biyu daga wata uwargida ce a Anka. Ƙungiyarsu ta mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ɗinki ta sa wani yaro ya buɗe musu shafi, har sun buga adireshin a jikin robobinsu. Yanzu an wayi gari shafin ba ya buɗewa, yaron kuma ya tafi karatu. Ta ce, "Anti, an sace muna shi ne?"

Yaya, da wuya in sata ce. Sunan shafi haya ne, ba saye ba. Kamar rumfar kasuwa yake, shekara-shekara ake biya, in ba a biya ba a garƙame. Mai yiwuwa wa'adi ne ya cika, saƙon tuni kuma ya tafi imel ɗin yaron. Dokar ICANN, hukumar da ke kula da sunaye irin su .com, ta wajabta wa kamfanin da ya yi rajista ya aiko da tuni kamar wata guda kafin wa'adi, ya sake aikowa saura mako guda, sannan bayan wa'adin ya cika.

To ga yadda abin yake a .com. Bayan wa'adi akwai ɗan lokacin sassauci, wanda ba ya wuce kwana 45, wasu kamfanonin ma nasu bai kai haka ba, inda yawanci za a biya kuɗin sabuntawa kawai. In ya wuce aka soke sunan, sai a shiga kwana 30 na fansa, a nan kuɗin ya fi yawa nesa ba kusa ba. Daga nan sai kwana 5 da ba mai iya taɓa shi, sannan a sake shi kasuwa, wanda ya riga shi ne da shi. In naku na .ng ne, ƙungiyar NiRA ce ke riƙe da shi, kuma ta hannun kamfanin da ya yi muku rajista za ku bi. Don haka yau ɗin nan, ba gobe ba, ku nemo yaron a waya. Ya faɗi kamfanin, ya shiga ya biya. In kun manta kamfanin, a sa sunan shafin a manhajar bincike ta Whois, za ta nuna shi tare da ranar da wa'adi ya cika.

Kar ki ji kunya, manya ma sun yi wannan mantuwa. A Disamba 1999 kamfanin Microsoft da duk arzikinsa ya manta bai sabunta passport.com ba, masu Hotmail suka kasa shiga akwatinsu, sai wani bawan Allah mai suna Michael Chaney ya biya musu Dala 35 daga aljihunsa.

In Allah Ya sa kun karɓo, sai a gyara zama. A mayar da rajistar da sunan ƙungiya da imel ɗin da ku ke riƙe da shi, mutum biyu su san lambar sirri, a rubuta ranar wa'adi a littafin adashi. In da hali a biya na shekara biyu ko uku gaba ɗaya, don .com har na shekara goma ana karɓa. Ku da ke Anka da Gummi da Bukkuyum kun fi kowa sanin dalili. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara, aka yi makonni ba kira ba intanet. Wanda wa'adinsa ya faɗo a irin wannan lokaci, ta ina zai ga saƙon tuni?

Kun ga inda wasiƙun biyu suka haɗu? Sunan da aka yi sakaci ya faɗi, kowa na iya tsinta. In mugu ya tsinci sunan da mutane suka riga suka yarda da shi, sai ya liƙa tallar aiki ta ƙarya a kai, ya yi ta karɓar kuɗin 'ya'yan mutane da sunanku. Shi ma mai neman aiki Whois ɗin nan za ta yi masa rana: ma'aikatar da ta ce ta shekara talatin amma an yi rajistar shafinta makon jiya, ai ba sai an yi dogon bayani ba.

Ƙanwata ta Gummi, ki riƙe tumakinki, ranar biki za su yi amfani. Yaya ta Anka, ina jiran labari mai daɗi. Sai wata mai zuwa in muna da rabon ganawa. Ku huta lafiya.