Hujin Kunnen Jaririya: Ruwan Kanal Ba Na Wanke Rauni Ba Ne

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, kanal-kanal suka ratsa Kura da Bunkure da Kadawa, shinkafa da tumatir da alkama suka yalwata. To amma ruwan da ke raya shuka shi ne shanu ke sha suna kashi a gefensa, a ciki ake wanki, kuma yakan kwaso taki daga gonaki. Saboda haka nake son ɗalibai da malamansu su dubi wani ɗan ƙaramin rauni da ake rainawa, wato hujin kunnen jaririya, wanda sau da yawa da irin wannan ruwa ake wanke shi.

Fatar ɗan Adam ganuwa ce, allura kuwa ƙofa take buɗewa a jikinta. Akwai ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus aureus wadda ke zaune a fata da hancin kusan kashi ɗaya cikin uku na mutane ba ta damunsu, amma in ta sami ƙofa sai ta shige ta hayayyafa. Mugunyar da ake gani gawarwakin ƙwayoyin jini ne masu yaƙi da cuta, haɗe da na abokan gabarsu. Wadda ta fi wannan haɗari ita ce ƙwayar tetanus, mai kawo sarƙewar haƙora, domin a ƙasa da kashin dabbobi take kwanciya shekara da shekaru. Ke nan mai shafa wa kunnen toka ko kananzir ko ƙasa ƙara wa wuta itace yake yi.

Idan kunnen ya ɗan yi ja ya kumbura kaɗan, kulawar ba ta da tsada. Uwa ta wanke hannu da sabulu. Ta tafasa ruwan rijiyar burtsatse ko na famfo, ta zuba gishiri rubu'in ƙaramin cokali a kofi ɗaya, ta bari ya huce. Ta jiƙa auduga mai tsabta ta goge gaba da bayan kunnen sau biyu ko uku a yini, sannan ta tsane shi. Kada a matse, kada kuma a yi gaggawar zare ɗan kunnen, don hujin na iya rufewa mugunya ta taru a ciki. In zare ne aka saka, a kai wa ma'aikacin lafiya ya duba, domin zare yana tsotse ruwan ciwo ya zama sheƙar cuta. Wani jan kuma ba cuta ba ce, fata ce ta ƙi ƙarfen nikel da ke cikin 'yan kunne masu araha. Maganinsa sauya ɗan kunnen.

Akwai alamun da ba a kwana da su: jan ya bazu zuwa wuya ko kumatu, ɗan kunnen ya nutse cikin nama, jaririya ta ƙi kama nono, bakinta ya ƙi buɗuwa, ko jikinta ya yi zafi. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga jaririyar da ba ta cika wata uku ba, sai asibiti nan take. Haka kuma in kwana biyu suka wuce ba sauƙi.

Ra'ayina shi ne a daina hanzarin yin huji a makon haihuwa. A Najeriya ana yi wa jarirai allurar rigakafi mai kare su daga cututtuka biyar, har da tetanus, a mako na 6 da na 10 da na 14. Me za a rasa in aka jira har ta kammala? Wasu za su ce al'ada ce, kuma ɗan kunne ke bambanta mace da namiji. Gaskiya ne, amma ba a ce a bar ado ba, a jinkirta shi wata huɗu kawai, sannan a yi da sabuwar allura da hannu mai tsabta.

Ɗalibi da ɗaliba, ku ne kuka karanta ilimin halittu a gidanku. In an yi wa ƙanwarku huji, ku tambayi inda aka ɗebo ruwan wanke shi, ku hura wuta ku tafasa, ku kuma duba katin rigakafinta. Malamai kuma su sanya wannan cikin darasin ƙwayoyin cuta, tunda kanal ɗin a bakin makaranta yake.