Ba ƴan ƙungiyar asiri ba ne: ƙungiyoyin ɗalibai baƙar fata na Amurka



Kwanan nan wasunku suka turo mana wani bidiyo: samari baƙar fata a wata iniversite ta Amurka, riga iri ɗaya, haruffan Girkanci a ƙirji, suna buga ƙafa suna tafi. Aka tambaye mu: "Wai waɗannan ba ƴan ƙungiyar asiri ba ne?" Mu dai mun ce a'a. Suna da sirrinsu na ranar shiga, gaskiya ne, amma sunansu da aikinsu a fili suke.

Ga yadda abin ya faro. A 1906, a iniversite ta Cornell, baƙin ɗalibi ba ya da wurin zuwa. Ƙungiyoyin fararen fata ba su karɓarsa. Sai samari bakwai suka kafa tasu, Alpha Phi Alpha. A 1908 ƴan mata na iniversite ta Howard da ke Washington suka kafa Alpha Kappa Alpha. Haka aka yi ta yi har suka kai tara, biyar na maza, huɗu na mata, ta ƙarshe a 1963.

To me suka tsinana? A watan Maris na 1913, ƴan matan Delta Sigma Theta, ƙungiyarsu ko wata biyu ba ta cika ba, suka shiga macin neman ƴancin zaɓe na mata a Washington. Daga 1935, matan Alpha Kappa Alpha suka riƙa ɗaukar lokotoro da magani a mota, suna bin gonakin auduga na jihar Misisipi suna yi wa yaran talakawa rigakafi. Martin Luther King ɗan Alpha Phi Alpha ne. Haka Thurgood Marshall, lauyan da ya ci shari'ar 1954 wadda ta haramta raba lakwal tsakanin fari da baƙi. Kamala Harris a Howard ta shiga Alpha Kappa Alpha. Kai, har Kwame Nkrumah na Gana, lokacin da yake karatu a iniversite ta Lincoln, ya shiga Phi Beta Sigma.

Amma jama'a, kada mu yi tuya mu manta da albasa. An daɗe ana zarginsu da girman kai, da fifita ƴaƴan masu hali da masu hasken fata. Spike Lee ma ya yi fim a kai a 1988. Mafi muni shi ne dukan da ake yi wa sabbin shiga da sunan gwaji. A 1990 shugabanninsu suka soke wannan al'ada, amma a 1994 wani ɗalibi ya rasu a jihar Mizuri bayan irin wannan duka. Ƴan'uwantakar da za ta mayar wa uwa gawar ɗanta, wallahi ba mu tare da ita.

Abin da ya burge mu shi ne wannan: a wurinsu, ranar karɓar diplom ba ranar rabuwa ba ce. Mutum ya zama alƙali ko ɗan kasuwa, yana nan yana biyan kotizasiyo, yana zuwa taro, yana nema wa ƙannensa aiki. Da wannan kuɗi ake biya wa ɗan talaka karatu, ake bi gida-gida ana sa mutane rajistar zaɓe. Shi ya sa mafi yawansu suka haura shekara ɗari ba su watse ba. Rawar nan da muke gani ado ce kawai.

Mu da muka yi lise, kowa ya san yadda ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu take ƙarewa: a buɗe grup na WhatsApp, a yi ta gaisuwar Juma'a, ranar da aka ce a kawo jaka ɗaya-ɗaya sai kowa ya yi tsit. To kafin mu kira wasu ƴan asiri, mu tambayi kanmu: ɗalibi nawa promosiyonmu ta taɓa saya wa littafi?

Muna jiran ra'ayoyinku. Allah shi ba mu alheri.